Me ya sa ake zuba kuɗi a tsofaffin fina-finan kaboyi marasa magana?

Ɗan'uwa, ka tambaya me mutane ke gani a fim ɗin kaboyi na kafin 1930, wanda ba a jin ko tari a cikinsa, har suke sayensa da tsada.

Babban dalili shi ne ƙarancinsu. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta. A kan faifan naitaret aka ɗauke su, abin da ke ruɓewa da kansa, kuma ga saurin kama wuta. Gobarar rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye yawancin fina-finan da Tom Mix, tauraron kaboyi na zamanin, ya yi wa kamfanin. Saboda haka kwafi ɗaya da ya tsira a hannun wani mai tarawa, wani lokacin shi kaɗai ne ya rage a duniya.

Ni dai abin da ke burge ni shi ne sukuwar. Doki na gaske, faɗuwa ta gaske, babu kwamfuta.

Idan za ka fara, ka nemi fastoci ko kwafin fim na faifai mai faɗin milimita 16, wanda ba na naitaret ba ne. Naitaret kam, kada ka ajiye shi a ɗaki.