Sayen gida a kan bashi tare da sharaɗin ƙarin kuɗi idan an makara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Gombe, shekara 11 ke nan ina zaman haya a Pantami da iyalina. Na samu gida a Tumfure, babban ɗan marigayi mai gidan ya ce naira miliyan 9 ne idan kuɗi hannu, miliyan 11 idan zan biya cikin shekara biyu, amma duk watan da na makara zai ɗora mini dubu 50. Abokina ya ce tunda duk kuɗin ruwa ne, gara in ci bashin asusun gidaje na NHF mai ruwa kashi 6, domin wasu malamai sun halatta saboda lalura. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya rufa maka asiri, ya mallaka maka muhalli na halal.

Ƙarin miliyan 2 saboda jinkirin biya halal ne a mazhabobi huɗu, muddin kun tsaya a kan farashi ɗaya kafin ku tashi daga wurin ciniki. Abin da ya ɓata cinikin shi ne dubu 50 ɗin nan, domin kuɗi ne da ake ɗorawa a kan bashin da ya riga ya tabbata, kuma wannan ita ce ribar jahiliyya. Ka nemi ya soke sharaɗin, ya karɓi jingina ko mai tsaya maka a madadinsa.

Maganar abokinka tana da asali, sai dai ya ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Majalisar fatawa ta Turai ce ta fitar da ita a 1999 domin Musulmi tsiraru da ba su da wata hanyar mallakar gida, ta dogara da matsananciyar buƙata da kuma ra'ayin Imam Abu Hanifa na halatta mu'amalar riba tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Wannan ra'ayi Malik da Shafi'i da Ahmad ba su karɓe shi ba, har Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya saɓa masa, kuma ko a wurin masu shi, Musulmi ne ke cin ƙarin, ba shi ke biya ba. Sannan wa zai kira Gombe irin wannan ƙasa? Lalurar da ke halatta haram ita ce irin wadda ke sa mutum cin mushe don kada ya halaka. Na san ɗacin haya, na san yadda gaba ke faɗuwa idan mai gida ya aiko a ƙarshen shekara, amma kai da 'ya'yanka kuna kwana ƙarƙashin rufi, ga mai sayarwa ya yarda ya jira ka, ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki tun 2012. Ƙarancin ruwan kuma ba ya sauya hukunci, kashi 6 da kashi 30 sunansu ɗaya.

Akwai abin da ka ambata a wuce wanda ya fi tayar mini da hankali: gidan na gado ne. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da rabon 'yan'uwansa mata ko na marayu sai da yardar manyan da izinin alƙali a kan ƙananan. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa da shaidu biyu suna wurin. Ka kai takardun filin ofishin GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, a tantance, ka kuma je ka ga gidan bayan an ɗauke ruwan sama, ka duba tazararsa da kwari, domin zaizayar ƙasa ta ci gidaje da yawa a garin nan. Idan mai ɗakinka za ta sayar da zinarenta ta taimaka, ku rubuta ko rance ne ko tana da kaso a gidan, tun kuna raye.

Wallahu a'alam.