Kwana da kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu

Malama, kin tambaya ko za ki iya barin kaskon garwashi ya kwana a ɗakin baƙin da za su sauka a gidanku lokacin hutun ƙarshen shekara, tunda sanyin hunturu ya tsananta. Kada ki yi haka, ko da garwashin ya daina hayaƙi, kuma ko da na dare ɗaya ne.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mai barci kuwa ba lalle ne ya farka ba. Shekarun baya ƙanena ya tashi da ciwon kai da jiri da amai bayan irin wannan kwana, kuma Allah ya taimake mu tagar ba ta rufu sosai ba. Tun daga ranar muke ɗumama ɗaki da taga a buɗe, mu fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta, sannan mu ƙara wa yara da tsofaffi bargo.