Tana a Gona: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambaya daga wani mai noman rani a Kadawa: Tumatur ɗina yana yanƙwanewa, da na tona gindinsa sai na tarar da tana. Ita ce ke cin saiwar? Wane magani zan zuba?

Malam, kada ka zuba komai tukuna. Tana ba ta cin saiwa mai rai, abincinta ruɓaɓɓen ganye da taki. Ramukan da take haƙawa su ke shigar da ruwa da iska, kashin da take turowa sama kuma ya fi ƙasar da ke kewaye da shi abincin shuka. Ka tuge gindi guda ka wanke saiwar. In ka ga ƙulli-ƙulli kamar carbi, aikin wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Ka ɗauke tumatur da barkono da kuɓewa daga wurin na shekara biyu, ka sa masara ko dawa. In saiwar a gutsure take, nemi gwazarma. In kuwa lafiyarta lau, yanki karan ka tsoma a ruwa cikin kofin gilashi: farin zare mai kama da madara in ya sauko, cutar yanƙwanewa ce ta bakteriya, sai a tuge waɗanda suka kamu a ƙone. Furadan, maganin ƙwarin nan da wasu ke barbaɗawa, yana kashe tana kaf, ga haɗari ga mai zubawa da kajin gida.

Tambaya daga Maraɗi: Gonata jigawa ce, ban taɓa ganin tana ba. In sayo in zuba?

Asarar kuɗi ce. Da fatarta take numfashi, in jikin ya bushe ta mutu, shi ya sa ta fi yawa a fadama da gindin randa. A jigawa gara ce ke wannan aiki. Haƙa tassa yadda ake yi a yankin Tawa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin kamar 15, a zuba taki cikin hannu biyu kafin damina. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa. Ka kuma daina ƙone karan da ya rage bayan girbi.

Tambaya daga wata mai lambu a Zariya: Yaya ake haɗa takin tana a gida?

Hajiya, ba kowace tana ke yi ba. Nemi doguwar nan mai ja-ja da ake samu ƙarƙashin tsohon juji mai laima. Irin Afirka ta Yamma ce, masana na kiranta Eudrilus eugeniae, har wasu ƙasashe ake kiwonta. Ta cikin zurfin ƙasa ba ta zama a akwati.

Samu rabin duro ko akwatin katako, a huda ƙasansa don ruwa ya tsane. Shimfiɗa busasshen ganye da yankakkiyar ciyawa kamar santimita 10, a jiƙa. A ɗora kashin shanu wanda ya yi mako biyu zuwa uku a tare. Ɗanye yana ɗaukar zafi, zai dafa tanar. Jimillar zurfin kada ta wuce santimita 40. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tana ya isa murabba'in mita ɗaya. Rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Laima ita ce wurin da yawanci ake faɗuwa. Damƙi takin ki matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito. In ruwa ya zubo, iska ta ƙare, wari zai tashi, su kuma su gudu. Ƙara busasshen ganye. Zafin da suke so digiri 25 zuwa 30 ne, in ya haura 35 sai mutuwa, don haka a watan Afrilu inuwa mai duhu da yayyafi safe da yamma ba zaɓi ba ne. Ki ba su ɓawon ayaba, ragowar ganyen miya da garin ɓawon ƙwai. Banda gishiri, mai, da ɗanyen kashin kaji, wanda warinsa kaɗai ya isa ya hallaka su. Ƙafafun akwatin a tsoma su cikin gwangwanayen ruwa saboda kwarkwasa, a kuma kare shi daga kaji da ɓeraye.

Bayan wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar damina. Juye shi tsibi-tsibi a haske. Za su nutse ƙasa, ki riƙa kwashe saman, su kuma a mayar da su sabuwar shimfiɗa. Cikin hannu ɗaya a kowane rami ya isa lokacin dashe.