Malam, mu karrama matan unguwarmu ko za mu ƙona musu lada?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ce sakatariyar mata ta islamiyyar unguwarmu, mun yanke shawarar ranar saukar ɗalibai za mu karrama wasu mata uku. Ɗaya Hajiya ce da ta haƙa mana rijiyar burtsatse kuma duk azumi tana ciyarwa, ta biyu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a cikin gida amma ta koya wa zawarawa da yawa sana'ar har ta ba su jari, ta ukun ita ce shugabarmu, ita ke sasanta ma'aurata kuma ita ta dinga zirga-zirga har aka gyara mana asibitin sha-ka-tafi. To sai mijin wata daga cikinmu ya ce wai haramun ne, riya za mu sa musu, kuma koyi ne da turawa masu ranar mata, kuma ma mace ba ta shugabanci balle a yabe ta a kai. Yanzu dai kanmu ya rabu biyu. Dan Allah Malam mene ne gaskiyar magana?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya yi muku albarka ke da 'yan uwanki. Abin da kuka yi niyya halal ne, in ma an gyara shi to abu ne da shari'a take so. Amma mijin 'yar uwarku bai yi maganar banza gaba ɗaya ba, akwai inda tsoronsa yake da tushe, sai dai ya ɗora shi ne a inda ba nan ba.

Mu fara da riya tunda ita ce mai nauyi. Riya aikin zuciya ce, a zuciyar wanda ya yi aikin take zama, ba a bakin wanda ya gode masa ba. Hadisin nan mai ban tsoro na Muslim da Abu Huraira ya ruwaito, mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama a jefa su wuta, ɗaya daga ciki mai dukiya ne da ya yi ta ciyarwa, aka ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce kai mai kyauta ne, kuma an faɗa. Duba da kyau, laifinsa shi ne ya yi DON a faɗa. Ba a kama waɗanda suka faɗa ba. Ita kuwa wadda ta haƙa rijiya shekaru da suka wuce ba ta san wata rana za ku zauna ku yi shawarar karrama ta ba, ta yaya satifiket ɗin da kuka bayar yau zai koma baya ya canza niyyar da ta riga ta ƙulla tsakaninta da Ubangijinta? Abu Zarri ya ce an tambayi Annabi (SAW) a kan mutumin da zai yi aikin alheri sai mutane su yabe shi, sai ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini da ita. Muslim ne ya fitar da shi. Ga kuma hadisin Abu Dawuda da Tirmizi, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, Bahaushe ma ya ce yaba kyauta tukwici.

Ɓoye sadaka ya fi, wannan babu ja, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta faɗa. Amma farkon ayar cewa ya yi in kun bayyana sadakoki to madalla da su. Kuma akwai alherin da ba ya ɓoyuwa, rijiya dai ba a sa ta a aljihu. Sannan bayyanawa tana jawo wasu, hadisin nan da kowa ya haddace na wanda ya sunnanta sunna mai kyau yana da ladanta da ladan wanda ya yi aiki da ita, kin san a ina aka faɗe shi? Wasu talakawa ne 'yan ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsumma, Annabi (SAW) ya kwaɗaitar a ba su, wani mutumin Ansar ya kawo jakar kuɗi da ƙyar yake ɗauke da ita a gaban kowa, sai mutane suka yi ta kawowa. A kan sadakar fili aka yi wannan maganar.

Kuma shi kansa Manzon Allah (SAW) ya yabi mata da ayyukansu, a gaban mutane. Ya ce wa matansa wadda za ta riga riskata a cikinku ita ce wadda ta fi ku tsawon hannu, Nana A'isha ta ce sai suka dinga gwada hannayensu, sai da Zainab 'yar Jahshi ta riga su rasuwa a zamanin Sayyidina Umar sannan suka gane tsawon hannun sadaka ake nufi, don ita sana'ar hannu take yi, tana jimar fata tana ɗinkawa ta sadakar da kuɗin. Kin ga sana'a da sadaka a mace ɗaya kamar mai ƙuli-ƙulinku. Wanda ya fi taɓa min zuciya kuwa shi ne na baƙar matar nan mai sharar masallaci, ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba, kamar dai sun ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba, da ya neme ta bai gan ta ba ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba, ku nuna min kabarinta, ya je ya yi mata salla. Yana cikin Bukhari da Muslim. Wace lambar yabo ce ta kai wannan?

Kasuwanci ba sai na tsawaita ba, yaron firamare ma ya san Nana Khadija da fataucinta zuwa Sham. Suratun Nisa'i aya ta 32 ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma haka. Gwaggon Jabir ta wajen uwa, wato yayar mahaifiyarsa ko ƙanwarta, tana cikin iddar saki ta so ta fita ta girbe dabinonta wani ya hana ta, Annabi (SAW) ya ce je ki girbe, wataƙila ki yi sadaka ko ki aikata wani alheri. Abu ɗaya zan ƙara don mu Malikawa ne, a mazhabarmu matar aure in za ta kyautar da abin da ya haura kashi ɗaya bisa uku na dukiyarta miji yana da ikon ya hana, sauran mazhabobi mafi yawa sun ce dukiyarta ce ta yi yadda ta so, suna kafa hujja da Nana Maimuna da ta 'yanta baiwarta ba ta nemi izini ba kuma ba a tsawata mata ba. Duk da haka babu wanda ya ce kuɗin sana'arta na miji ne, wannan mazan da ke karɓe jarin matansu su ji.

Sai shugabanci. Hadisin da mijin 'yar uwarku yake nufi ingantacce ne, na Abu Bakrata a Bukhari, mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba, an faɗe shi lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra sarauta. Malamai sun ɗora shi a kan shugabancin ƙoli na al'umma, suka yi saɓani a alƙalanci, Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa suka hana, Hanafawa suka yarda a abin da ba haddi da ƙisasi ba. To ina alaƙar wannan da matar da take jagorantar 'yan uwanta mata tana sasanta rigima tana bin kansila da ciyaman a gyara asibiti? Ummu Salama ce ta ba da shawarar da ta warware damuwar sahabbai a Hudaibiyya shekara ta 6 bayan hijira. Wasu suna kawo labarin Shifa'u 'yar Abdullahi cewa Umar ya sa ta kula da kasuwa, ni ba na dogara da shi don Ibnul Arabi, Bamalike ne kuwa, ya ce bai inganta ba, kuma ba ma buƙatarsa. Muna da namu a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita za ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa karatu ta koma ta koyar. Malfa da rawani fa, a Sakkwato, a hannun 'yar Mujaddadi ɗan Fodiyo. Ta kuma yi waƙa tana lissafa mata salihai da sunayensu, ta yi marsiyya ga mata talakawa da suka yi wa jama'a hidima. Wanda ya ce turawa ne suka koya mana yabon mace sai ya gaya mana wane bature ne ya koya mata. Haka alhazai har gobe suna jin sunan Ainu Zubaida, ruwan da matar Haruna Rashid ta jawo wa Makka, da masallacin Ƙarawiyyin na Fas da tarihi ya jingina gininsa ga Fatima al-Fihriyya a shekarar 859. Da malamai sun ga ambaton sunan mace da aikinta laifi ne da ba mu san ko ɗaya ba.

Zancen ranar mata kuwa bai ma shafe ku ba. Waccan 8 ga Maris ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta a 1975, kuma gaskiya malamai sun yi saɓani a kan irin waɗannan ranaku masu dawowa duk shekara, Shaikh Usaimin ya hana bikin ranar uwa yana ganin idi ne aka ƙirƙira, Darul Ifta ta Masar ta halatta tana ganin al'ada ce. Ku ranar sauka kuka zaɓa, ba idi kuka ƙago ba, ba ibada kuka ɗauke shi ba, al'ada ce, asalin al'ada kuwa halacci sai in haram ya shigo.

To ga inda haram ɗin yake shigowa, kuma nan ne nake ganin tsoron wannan bawan Allah ya kamata ya tsaya. Lambar yabon da ake saya. Kowa ya san ana yi, a aiko wa mutum takarda an zaɓe ki gwarzuwar shekara, a ƙasa an rubuta kuɗin da za ki tura, a kama hol a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Wannan shaidar zur ce daga mai bayarwa, ita kuma mai karɓa ta shiga cikin masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, Ali Imrana aya ta 188. Haka in kun zaɓi Hajiya ne don kuna hangen za ta yi muku gini, wannan roƙo ne aka sa masa riga. Sai kuma wuce gona da iri a yabo, irin na mai gabatarwa ya riƙe lasifika ya ce wannan 'yar Aljanna ce kai tsaye, babu kamarta a duniya. Miƙdad ya ruwaito cewa an umarce mu mu watsa ƙasa a fuskar masu zuzuta mutane, wani kuma ya yabi abokinsa a gaban Annabi (SAW) ya ce masa kaiconka ka yanke wuyan abokinka, in dole ne to ka ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai masa hisabi. Ku faɗi abin da ta yi kawai, rijiya ce ku ce rijiya, ku yi mata addu'a, shikenan.

Wanda ya fi ci min rai kuma, wallahi na sha gani a wuraren rabon kayan azumi, a jera marayu da zawarawa kowa riƙe da ƙullin shinkafa a yi musu bidiyo, ko a kira bazawara gaban taro ta yi bayanin yadda take kwana da yunwa kafin a ba ta jari, tana kuka ana tafi. Kada ku yi wannan. Allah ya ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa, Baƙara 264, in akwai abin da zai ƙona ladan to wannan ne. Mutuncin wadda aka taimaka bai gaza na wadda ta taimaka ba. In wata ta so ta yi godiya da kanta ba matsa mata aka yi ba, a tsakaninku mata, babu laifi, amma ban da kyamara.

Kada kuma ku sa anko da zai hana mai ƙaramin ƙarfi zuwa, kada kuɗin taron ya fi abin da za a ba bazawara ɗaya jari, kuma a kiyaye sutura da tsarin zama kamar yadda kuka saba a saukarku. Ku sanar da su ukun tun kafin ranar, kada ku yi musu ba-zata, mai aure ta gaya wa mijinta, hoton kowa kada ya fita sai da yardarta. In ɗaya ta ce ita ba ta so, tana tsoron zuciyarta, ku ƙyale ta, ta fi ku sanin kanta, ku yi mata addu'a ba tare da ambaton suna ba.

Sannan ina roƙonku ku ƙara ta huɗu. Ku duba wace ce take share muku islamiyyar, ko wace ce ake bugawa ƙofa tsakar dare in mace ta rasu a unguwa a zo a yi mata wanka, ku sa ta a layi ɗaya da Hajiya mai rijiya, kyautarsu iri ɗaya. Shi kuma mijin 'yar uwarku kada a mayar da shi abin tsegumi a guruf ɗinku na WhatsApp, matarsa ta kai masa wannan amsar cikin ladabi, in bai gamsu ba ya ce ita kada ta je, to ta zauna a gida, ku ku yi taronku.

Wallahu a'alam.