Injin feshi a kan jirgi mai ƙafa biyu? Tsaya tukuna

Ɗana, ka tambaye ni ko injin nan na feshin magani da ka gyara, mai cc 26, zai hau kan ɗan jirgin ruwan da kake son ƙerawa, irin mai farfela a sama da ake tuƙawa da rimot, kuma ka ce tsawon jirgin ƙafa biyu ne. Ba zai hau ba. Injin lafiyarsa ƙalau, na ji yadda yake tashi, aikinka ya yi kyau. Amma ka fara daga inda ake gamawa. A wannan aiki ruwa ake fara dubawa, sannan jikin jirgi, inji shi ne na ƙarshe.

Ruwanmu ka san shi. Daga Auyo zuwa Hadeja har Baturiya, fadama ce mai kachala da bado da kainuwa, wani wurin zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Jirgi mai farfela a cikin ruwa ba zai yi nisa a nan ba ciyawa za ta naɗe shi. Saboda irin wannan ruwa ne mutanen Fulorida da Luwiziyana a Amurka suka riƙe wannan jirgi: babu komai nasa a ƙarƙashin ruwa, iska yake turawa baya ya zame a kan ciyawa da taɓo. Zaɓinka na jirgin daidai ne, ya dace da wurinmu.

To ga inda matsalar take. Injin cc 26 yana son farfela mai faɗin kamar inci 16. Rabinta inci 8 ke nan, ka ƙara ɗan sarari don kada bakinta ya taɓa katako ko ya sha ruwa. Ka ga tsakiyar injin ya tashi sama da inci 9 daga saman katakon jirgi, ga kafireta, ga salansa, ga tankin mai, duk a can sama. Ka ɗora wannan a kan jirgin da faɗinsa bai fi ƙafa ɗaya ba. Ka sha ganin amalanken da aka jibga wa buhuna har suka fi mai turawa tsawo, ka san abin da ke faruwa a kwanar farko. Bayan nauyi kuma akwai murɗa: duk lokacin da farfela ta juya gefe ɗaya, jikin jirgi yana son juyawa ɗaya gefen. Babbar farfela babbar murɗa ce. Kana ba shi wuta gefe ɗaya zai nutse, ɗayan ya ɗaga, sai kifewa. Inji mai zafi kuma in ya zuƙi ruwa ta kafireta yana cikin gudu, kana iya rasa kwanrod ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe fistin, nan take.

Wannan inji jirginsa daban ne: tsawo ƙafa uku da rabi zuwa huɗu, faɗi kusan inci 20. Ajiye shi, ka zuba masa ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka rufe shi daga ƙura. Lokacinsa zai zo.

Akwai ƙananan injuna na jiragen wasa da za ka gani a bidiyo, masu lamba .21 ko .40, mai .40 ɗin kusan cc 6.5 ne, yana jan farfela inci 10. Suna da sauƙin nauyi, ƙarfinsu ya fi girmansu. Sai dai ba fetur suke sha ba, mansu haɗi ne na sinadaran mitanol da naitiro da man zurma ko makamancinsa, fulogin nasu ma na musamman ne. Ba za ka samu wannan a gidan mai ba, ba kuma a kasuwar ƙauye ba. Ban ba ka shawararsu ba.

Abin da nake so ka sa a jirgi mai ƙafa biyu shi ne moto mai batir, marar kabon, irin wanda ake sa wa ƙananan jirage marasa matuƙi. Nemi mai lamba 2212. Za ka ga an rubuta KV a jikinsa, wato yawan juyin da yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt in babu kaya a kansa. Mai KV 1000 a kan batir LiPo, wani nau'in batirin litiyam, mai gida uku, bolt 11.1, zai juya wajen sau 11,000 a minti. Wannan yana jan farfela inci 9 ko 10. Mai KV 1400 ya fi sauri, farfelarsa inci 8, kuma shi na fi so maka, don ƙaramar farfela tana ba ka damar sauko da moton ƙasa. Kwantirolar gudu mai amfiya 30 ta isa. Alherin wannan tsari shi ne abu mafi nauyi, wato batir, yana kwance a ƙasan jirgi, moton da ke sama kuwa bai kai nauyin wayar hannunka ba.

Batirin nan ka girmama shi. Kowane gida bolt 4.2 ne in ya cika, kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.3. Da cajarsa ta musamman ake cajinsa, wadda ke daidaita gidajen uku, ba da ta waya ba, ba kuma kai tsaye daga sola ba. Kada ka bar shi a rana a watan Maris ko Afrilu, kada ka yi cajinsa a ɗakin kara ko kusa da fetur ɗin shago. In ya kumbura, ya gama aiki.

Yanzu jikin jirgin, nan ne hankalinka ya kamata ya fi tsayawa. Ƙasansa shimfiɗe, babu ƙoƙuwa irin ta kwalekwale. Faɗi ya kusa rabin tsawo: inci 24 a tsaye, inci 11 ko 12 a kwance. Kashi ɗaya cikin uku na gaba ya lanƙwasa sama a hankali, don ya riƙa hawa kan ruwa da ciyawa maimakon ya soke su. Inda ƙasa ta haɗu da gefe kada ka bar kaifi. Goge shi da sanfefa ya yi ɗan zagaye. Wannan jirgi da zamewa yake shan kwana, bayansa ya ja gefe, kuma in gefen yana da kaifi sai ya ciji ruwa ya wuntsula. Amma bakin baya, inda ruwa ke rabuwa da jirgi, shi kam ka bar shi da kaifinsa.

Filawud mai milimita 3 ya isa. Cika cikinsa da farin soson nan da ke zuwa a kwalin firji, yadda ko ya kife ba zai nutse ba. Ka lura, gam mai warin fetur yana cinye wannan soso. Yi amfani da gam mai haɗi biyu, ka shafe katakon ciki da waje kafin fenti. Risiba, wato mai karɓar umarnin rimot, da kwantirola su zauna a robar abinci mai murfi, ka toshe ramukan waya.

Kafin ka ɗaure komai, jera kayan duka a ciki ka ɗora jirgin a kan bututu a kwance. Ya kamata ya daidaita a wajen kashi ɗaya cikin uku daga baya. Matsar da batir gaba ko baya har ya zauna. A ruwa, in ka ga goshinsa yana nutsewa in ka ba shi wuta, turin da ke zuwa daga sama ne ke danne shi. Sa washa, zoben ƙarfen nan na ƙarƙashin noti, ɗaya ko biyu a mazaunin moto yadda iskar za ta ɗan riƙa tashi sama ta baya, digiri 2 ko 3, sai bayan ya zauna goshi ya ɗaga. Gefen da murɗa ke ɗagawa kuma, ka ɗan gusar da batir wajensa.

Allon sitiyari biyu za ka yi, a bayan farfela daidai inda iska ke fita. Ka riƙe wannan: in ka sauke wuta, sitiyari ya mutu, kuma babu birki. In za ka kauce wa abu, sai da ɗan wuta.

Abu ɗaya ba na sassauta shi, kejin waya a kewayen farfela. Ranar da ka kai shi bakin ruwa yaran unguwa za su cika wurin, kuma farfela mai irin wannan gudu tana tsinke yatsa. Rimot kake fara kunnawa kafin ka haɗa batir, batir kake fara cirewa kafin ka kashe rimot. Ka tafi da doguwar gora da zaren fatsa don jawo shi in ya mutu a tsakiya. Kada ka tura yaro ya shiga kwantaccen ruwa, tsargiya tana nan.

Gobe in Allah Ya kai mu, yanko mini sifarsa a kwali tukuna, ƙasa da gefuna biyu, mu auna tare kafin zarto ya taɓa filawud.