Tiya biyu: amsa ga ƙanenmu na Birnin Kebbi

Salamar Ubangiji a gare ka, ƙanena. Na ga tambayarka, cewa tun da aiki ya kai ka Birnin Kebbi abokai suka saba maka da cacar ƙwallo ta waya da zaman mashaya, kana yi wa Allah alkawari kana karyawa, har kunyar shiga sujada a majami'a ta fara kama ka. 'Yan'uwa sun jero maka ayoyi, madalla. Ni labarin kaina zan ba ka.

Hatsi nake saye da sayarwa a Zuru, sama da shekara 20. Burkutu bai taɓa damuna ba, ko lokacin bikin gargajiya na Uhola da gari ke cika, shi ya sa na daɗe ina ganin kaina tsayayye. Ashe tawa jarabar tana cikin tiya. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mai tsabar naira a hannu shi ne sarkin kasuwa. Ga kuma mutanenmu da 'yan bindiga suka koro daga yankin Danko-Wasagu da Sakaba, suna kawo ɗan abin da suka tsira da shi. Sai na ajiye tiya biyu, mai zurfi ta saye, wadda aka bubbuge wa gindi ta sayarwa. Ban taɓa kiransa sata ba. Cewa nake kowa haka yake yi, ga kuɗin makarantar yara. Ran Lahadi kuwa ni ne kan gaba wajen ba da baiko a majami'a.

Wata tsohuwa ta kawo dawa, ta ce tiya 10 ta auna a gida. A wurina 8 ta fito da ɗan kai. Ba ta yi gardama ba, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Albarkar nan ce ta hana ni barci. Da na gaya wa maiɗakina, sai ta buɗe Littafi Mai Tsarki, Kubawar Shari'a sura 25, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, ta ajiye mini a kan tabarma, ta koma wajen girkinta. Ko uffan ba ta ce ba.

Ka san abin mamaki? Na yi kuka, na tuba a daren, amma ranar kasuwa ta gaba hannuna ya sake kaiwa ga tiyar nan, don tana nan inda na bar ta. A nan na gane abin da Yakubu yake nufi a wasiƙarsa, sura ta 1, cewa ba Allah ke jarabtar mutum ba, sha'awarsa ce ke jansa. Alkawarin da ka yi kai kaɗai cikin duhu, kai kaɗai za ka warware shi. Sai da na je na zauna gaban wani dattijon ikilisiyarmu, na faɗi abin da bakina, ya biyo ni har rumfa ya ɗauke tiyar, sannan na samu sauƙi.

Taka tiyar tana cikin wayarka. Goge manhajar cacar yau, ba gobe ba. Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba, rigarsa ya bari ya ruga. Ranar da albashi ya shigo, kafin magariba ka biya haya, ka aika na gida, kada kuɗi su kwana suna kiranka. Ka nemi mutum ɗaya a zumuntar matasa wanda ba ya jin nauyinka, wanda zai tambaye ka ina ka kwana.

Batun ƙaurace wa sujada kuwa, kul! Bitrus sau 3 ya yi musun Yesu, amma shi aka ce ya yi kiwon tumaki. Ka je ko a bencin baya ne.

Tsohuwar nan na neme ta har na gaji, ban sake ganinta ba. Dawarta na auna na kai wa 'yan gudun hijirar da ke kwana kusa da majami'armu. Tiyar kuwa dattijo ya mayar wa maiɗakina, a ciki take ba kaji dusa.