Hukuncin Ɗanɗana Giya da Alƙalancin Gasarta, Ko da Za a Tofar

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Edinbura ta ƙasar Sikotlan, ina aikin tantance ingancin shayi da kofi a wani kamfani. An gayyace ni in shiga cikin alƙalan gasar ƙananan masu dafa giya, a rukunin giyar sha'ir da suke kira Scotch ale, kuma za a biya ni. Ban taɓa shan giya ba. Niyyata in kurɓa, in juya a baki, in tofar, kamar yadda mai azumi ke ɗanɗana miya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka amsa gayyatar. Wannan aiki bai halatta ba, ko ka haɗiye ko ka tofar, kuma kuɗinsa ba halal ba ne.

Mu fara da abin da ke cikin kofin. Ana tsirar da sha'ir, a busar, a niƙa, a jiƙa da ruwan zafi har zaƙinsa ya fito, a tafasa, sannan a zuba yisti ya mai da sukarin barasa. Irin mai nauyin da ake kira Wee Heavy, barasarta kan kama daga kashi 6.5 zuwa 10 cikin ɗari, alhali giyar kwalba ta yau da kullum ba ta cika wuce kashi 5 ba. Launinta ja-ja mai duhu da ɗanɗanonta na ƙonannen sukari suna ɓoye ƙarfinta, amma mai sa maye ce.

Wasu na ɗauka cewa hamru, wato giyar da Alƙur'ani ya haramta, ruwan inabi ne kaɗai. Sayyidina Umar ya hau mumbari ya ce an saukar da haramcin hamru alhali ana yin ta da abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, ya ƙara da cewa hamru ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Buhari da Muslim sun ruwaito. Haka da aka tura Abu Musal Ash'ari Yaman, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da abin shansu na zuma da wanda suke yi da hatsi, ɗan'uwan burkutun da muka sani, sai ya ce duk mai sa maye haramun ne. A hadisin Jabir kuwa, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A kan wannan mazhabar Malik take, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Sassaucin da aka ruwaito daga Abu Hanifa kan ɗan abin da bai kai ga maye ba na abin shan hatsi, malaman Hanafiyya na baya sun bar shi, suna fatawa da maganar almajirinsa Muhammad ɗan Hasan, wadda ta dace da ta jamhuru, wato mafi yawan malamai.

Yanzu ga ƙiyasinka da mai azumi. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin da ke cikin tukunya, gaskiya ne. Sai dai miya halal ce a kanta, haɗiyarta kawai aka hana, shi ma zuwa faɗuwar rana. Giya kuwa ita kanta aka ce a guje wa. A aya ta 90 ta Suratul Ma'ida Allah ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce ku nisance ta. Wanda ya cika bakinsa da ita yana juya ta a kan harshe, ina nisantar? A mazhabobi huɗu najasa ce. Ko ka ɗauki maganar Rabi'a, malamin Malik, da Laisu ɗan Sa'ad cewa jikinta ba najasa ba ne, babu ɗayansu da ya halatta sa ta a baki da gangan.

Akwai kuma abin da ƙila ba a bayyana maka ba. Masu ɗanɗana giyar inabi ne suka shahara da tofarwa. A gasar giyar sha'ir al'adar alƙalai ita ce haɗiyewa, domin ana ba da maki a kan ɗacin da ke saura bayan ta wuce maƙogwaro da ɗumin da barasa ke bari, kuma wannan ɗumin na daga cikin siffofin da ake nema a irin wannan giyar. Kofuna ne ke biyo juna a zama ɗaya. Ko ka dage ka tofar, wani abu zai bi yawu. Kai da kake ɗanɗana kofi kullum ka fi ni sanin haka.

A ƙaddara ma ba ka kai kofin baki ba, shinshina kawai za ka yi ka duba launi. Matsalar tana nan, kuma a ganina ita ce babbar. Mene ne amfanin alƙali a irin wannan gasa? Yana rubuta wa mai dafawa inda ya gaza domin ya gyara, yana ba wanda ya ci lambar yabo da za a manna a kwalba don kasuwa ta buɗe. Wannan taimako ne kai tsaye ga yin giya da sayar da ita, alhali aya ta 2 ta Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito an la'anci mutum goma game da giya, mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran su ne mai matsa ta, wanda aka matsa wa, mai ɗauka, wanda aka kai wa, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Saboda haka zuba wa alƙalai ko jera musu kofuna ma bai fita ba. Ga kuma hanin zama a teburin da ake zagayawa da giya, ga duk mai imani da Allah da ranar Lahira.

Kuɗin da za a ba ka ladan aikin haram ne. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Allah da ya haramta shanta, ya haramta sayar da ita. Lalura kuma babu ita a nan: kana da aikinka, gayyata ce kawai.

Kada a cakuɗa wannan da gwajin da ake yi da na'ura don gano ko akwai barasa a abinci ko magani, irin na hukumomin tantance halal. Wancan kariya ce ga mutane, babu sa wa a baki, kuma ya halatta.

Ka ba su haƙuri cikin mutunci, ka ce addininka ne ya hana. Idan wata rana wurin aikinka ne ya nemi tilasta maka, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, sai ka nemi shawarar masanin doka. Alƙalancin shayi, kofi, zuma ko lemon da ba barasa a ciki, ci gaba da abinka, Allah ya sa albarka.

Wallahu a'alam.